Ƙarshen da Yaya Ya Karanta Mini

Ranar da na ga hoton tallan fim ɗin manne a bangon kasuwar Gudu, tsayawa na yi cak da ƙunshin atamfa a ka, har sai da mai baro ya daka mini tsawa in ba shi hanya. An rubuta Fitilar Tafkin Shuni da manyan baƙaƙe. Ga wani saurayi ya juya baya, ruwa ya kawo masa ƙugu, yana riƙe da fitila. Ban ga fuskarsa ba, amma gabana ya faɗi, kuma bai daina faɗuwa ba har na isa shago.

Ni ba ma'abociyar silima ba ce. Yadi da atamfa nake sayarwa a Gudu, ina kwana a Jikwoyi, kuma cunkoson Nyanya kaɗai ya ishi mutum kallo safe da yamma. Amma littafin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa daban yake a wurina.

Ina 'yar shekara tara, lokacin muna Yangoji inda Baba yake noman doya, ƙyanda ta kwantar da ni ta sauka a idona. Aka sa ni a ɗaki, aka ɗaure mini ido da baƙin ƙyalle, aka ce kada in ga rana. Na yi kuka har muryata ta dishe. Yayana Ɗanladi, wanda yake da shekara goma sha bakwai a lokacin, shi ne ya samo littafin a wurin wani mai baza littattafai a tasha. Kullum in ya dawo gona da la'asar, ko wanka bai yi ba, sai ya zauna a bakin ƙofa ya karanta mini. Ina jin warin ƙasa da gumi a jikinsa. Kowane mutum a littafin da muryar da yake yi masa, har da kifin da yake gadin ƙofar birni, wanda ya ba shi muryar mai unguwarmu.

Labarin wani gari ne da tafki ya sace wa mutanensa inuwa. Wanda ba shi da inuwa kuwa, a hankali ake manta shi, har uwarsa ta kasa tuna sunansa. Inuwar wata yarinya Kande ta tafi, sai yayanta Sambo ya nutsa ƙarƙashin ruwa ya je neman fitilar da take mayar wa mutum inuwarsa. Kande ta yi shekara bakwai tana jiransa a bakin tafki. Kowa ya ce ya mutu, ta ƙi ji. A shafin ƙarshe ya fito, ya same ta, ya ba ta fitilar. Haka Yaya ya karanta mini, haka kuma na karanta da idona bayan na warke, ban san sau nawa ba.

Ina shekara goma sha shida Yaya ya hau motar doya daga Yangoji zai kawo kaya Gudu. Direban ya ce ya sauka a hanya zai yi sallah, suka jira shi suka gaji. Ba a sake ganinsa ba. An je asibitoci, an je ofishin 'yan sanda, an yi cigiya a rediyo, Baba ya yi yawon nema har ƙafarsa ta kumbura, har ya rasu bai ji komai ba. Yanzu shekara goma sha ɗaya ke nan.

A gidanmu kowa ya koma cewa "Allah ya jiƙan Ɗanladi". Ni kaɗai ce in an faɗa ba na cewa amin. Nakan ce "Allah ya bayyana shi", da ƙarfi, yadda kowa zai ji, in ya so a kalle ni. Na ɓata da kawunaina biyu a kan wannan. Shekara uku Inna tana so a tara mutane a yi masa addu'a da sadaka kamar yadda ake wa mamaci, liman ma ya ce lokaci ya yi, amma ta ƙi yi ba da ni ba. Ta ce ba za ta raba gumbar ɗanta ba alhali 'yarta tana cewa yana hanya. A wannan karon an sa Juma'a mai zuwa, ta kira ni sau biyu, sau biyu ina ce mata kasuwa ta riƙe ni. Ƙarya nake yi, ita ma ta sani.

Prudence ce ta sayo tikitin. Shagonta na takalma yana jikin nawa, 'yar Filato ce, Hausarta ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Zakiyya, kai ka dame ni da wannan Sambo kullum," in ji ta. "Saturday za mu je mu gan shi. In ka ƙi zuwa, wallahi ba na kula maka shago kuma."

Na ce mata za su lalata shi ne kawai. Ta ce to mu je in ga yadda suka lalata, in samu abin masifa na sati guda, tunda masifa ce abincina.

Muka je nunin ƙarfe goma sha biyu na rana. Ɗakin da sanyi kamar cikin firji, ya cika da mutane, wasu da tsofaffin littattafansu a hannu. Aka ce waɗanda suka shirya fim ɗin suna nan, za a yi hira da su in an gama. Na ce madalla, ina da tambayoyi.

Tun minti goma na farko na soma tsaki. Kanden da suka sa fara ce sol, da gashin ido na kanti, wai yarinyar da take kwana a bakin tafki. Kifin ƙofa sun ba shi wata murya mai rugugi kamar janareta, alhali kowa ya san a shaƙe yake magana. Garin da babu inuwa kuwa, na ƙirga inuwa uku a bango da suka manta ba su goge ba, na nuna wa Prudence duka. Wata mata a gabanmu ta waiwayo ta harare ni, na rama.

Sai Sambo ya juya baya ya nufi ruwa, bakina ya mutu.

Ba kama suke da Yaya ba. Ɗan wasan ya fi shi tsawo, ya fi shi jiki. Tafiyar ce. Kafaɗar hagu a ɗan sauke, kamar wanda ya saba ɗaukar fartanya, da yadda yake taka ƙasa da gefen ƙafa. Ban taɓa ganin bayan Yaya ranar da ya tafi ba, ina makaranta. Shekara goma sha ɗaya ina ƙoƙarin hango wannan bayan, yau ga shi an haska mini a bango, ya fi gida girma.

Daga nan ban ƙara jin muryoyin fim ɗin sosai ba. Kafin kowa ya buɗe baki, sai in ji maganar ta riga shi fitowa a kunnena na dama, da muryar Yaya, har da ɗan tarin da yake yi in ƙura ta shige shi. Na ji warin ƙasar gona a cikin wannan ɗakin mai ƙamshin gugguru. Sau ɗaya har na juya, na tarar da wani mutum mai tabarau yana danna waya. Tsoro ya kama ni, kuma ban so abin ya tsaya ba. Na riƙe hannun kujera na bar shi yana karanta mini.

Aka zo inda wata tsohuwa ta ƙarƙashin ruwa take gargaɗin Sambo kada ya sha ruwan birninsu, don wanda ya sha ya zama nasu, aka zo inda ƙishi ya ci ƙarfinsa ya kurɓa. Duk na san wannan. Na san kuma zai fita lafiya, don haka ban damu ba. Aka zo ƙarshe. Gari ya waye a bakin tafki, Kande a zaune, ruwa ya tsage, Sambo ya fito da fitila. Na ji hawaye ya zo mini, irin na daɗi, na bar shi ya zubo.

Ya dubi fitilar. Ya dubi Kande. Ta miƙo hannu.

Sai ya soma dusashewa. Ƙafafunsa suka fara tafiya, sai ƙirji, sai fuska. Fitilar ta faɗi a kan yashi. Inuwar Kande ta dawo ta kwanta a gefenta, ita kaɗai, aka kashe hoton.

Muryar da take kunnena ita ma ta ɗauke a daidai nan. Mutane suka soma tafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Prudence tana jan mayafina tana cewa, "Abeg zauna, zauna mana," ni kuwa na riga na ɗaga murya. Aka kunna fitilu, mutum huɗu suka hau gaba suka zauna, mai gabatarwa bai ma gama gaisuwa ba na ce ina da magana. Wani ya miƙo mini makirfo, wataƙila don ya ga ko babu shi zan yi.

Na ce, "Wa ya ba ku izinin kashe shi? Kun canza kifi, na yi shiru. Kun sa wa Kande gashin ido, na yi shiru. Amma mutum ya yi shekara bakwai yana wahala ya dawo wurin ƙanwarsa, ku ce ya narke? A littafi ba ta ya yi! Ya ba ta fitilar a hannunta! In ba ku karanta ba ku ce ba ku karanta ba!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi gunaguni. Wani dattijo mai furfura a gemu, wanda aka gabatar da shi da Malam Fu'ad, marubucin fim ɗin, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

"Malama, wane bugu kika karanta?"

"Na asali. Mai shuɗin bango."

"Kin tuna jimlar ƙarshe?"

"Da ya fito bakin tafki ya tarar da Kande tana jira. Ya dubi fitilar, ya dube ta, ya ba ta."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗauki littafi daga kan tebur, sabon bugu mai ƙyalli, ya sauko da kansa har inda nake, ya buɗe shafin ƙarshe ya miƙo mini. Bai yi magana a makirfo ba, ni kaɗai ya yi wa.

"Injin da ya buga na farko ba shi da haruffa masu ƙugiya," ya ce. "Duk littafin haka yake, ƙofa kofa, ɗaki daki. Marubuciyar tana raye, mun zauna da ita. Ta ce tun farko wannan take nufi. Ai ya sha ruwansu."

Na duba. Ya dubi fitilar, ya dube ta, ya ɓata.

Harafi ɗaya, da ɗan lanƙwasa a kansa. Na yi ta kallonsa ko zai miƙe. Na ce, "Mutane da yawa ai a haɗe suke rubuta ba ta." Ya ce haka ne, shi ya sa bai ga laifina ba, ba ni ce ta farko ba. Ya tambaye ni ko wani ne ya fara karanta mini. Na mayar masa da littafinsa, na ɗauki jakata na fita, ko takalmina ɗaya ban saka daidai ba.

A cikin mota Prudence ta yi ta ƙoƙari. "Ni ban gane ba fa. Bata, bata, ba duk ɗaya ba ne? Haka kake rubuta mini a waya kullum." Na ce ba ɗaya ba ne. Ta ce to ni in riƙe nawa su riƙe nasu, fim ne kawai, ba wanda ya mutu. Sai ta tuna, ta kama bakinta. Daga Nyanya har mahaɗar Jikwoyi hannuna kawai ta riƙe. Da za ta sauka ta ce, "Ka kira ni, ka ji? Ko ba ka da magana."

Na isa gida ana kiran la'asar. A hanya na gama shirya hujjata: tsoho ne ya ruɗe, marubuciyar ma ta tsufa ta manta abin da ta rubuta, a nawa littafin a rabe kalmar take, na gani da idona sau ɗari. Na jawo akwati daga ƙarƙashin gado, na zaro littafin daga ledar da nake ajiye shi. Bangon ya mutu, na ɗinke shi da zare tun tuni. Na fito bakin ƙofa inda haske yake, na buɗe shafin ƙarshe.

A haɗe take. Bata, haruffa huɗu a jere, babu tazara.

Amma tsakanin ba da ta akwai wani siririn layi a tsaye. Na san shi. Duk shekarun nan na ɗauka dattin inji ne, irin wanda ya cika littafin. Na karkata shafin ga rana. Ba baƙi ba ne kamar sauran rubutun, shuɗi ne da ya koɗe. Na shafa bayan takardar na ji inda bakin biro ya danna. A can ƙasan shafin, a kusurwa, ga 'yar murɗiya inda aka goga biron don ya kawo.

Na zauna a dokin ƙofa.

Sai ranar ta dawo mini gaba ɗaya. Ina kwance da ƙyalle a ido, na yi kwana biyu ina tambayarsa, "Yaya, zai dawo ko? Ka rantse zai dawo." Ya ce in bari mu kai wurin mana. Da muka kai, ya karanta "ya dubi fitilar, ya dube ta", sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji kaji suna tono a tsakar gida. Na ce, "Ci gaba mana!" Ya ce, "Bari in sha ruwa." Ban ji ƙarar randa ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ya ba ta." Na yi ihu, na buga ƙafa a tabarma, Inna ta leƙo tana faɗa wai zan tayar da zazzaɓi.

Ya gane. Yana shekara goma sha bakwai, da ajinsa uku na sakandare, ya karanta ya gane sarai abin da aka rubuta. Ya dubi yarinya mai ɗaurarren ido wadda ba a san ko za ta sake gani ba, ya canza. Bai tsaya nan ba. Ya san in na warke zan ɗauki littafin da kaina, sai ya nemo biro ya bi ni har can ya tare.

Na ji haushinsa, wallahi na ji. Da yana gabana da na jefe shi da littafin. Na ce da ƙarfi, ni kaɗai a bakin ƙofa, "Yaya, ka cuce ni." Maƙwabciyata tana kwashe shanya, ta dube ni ta shige ɗaki. Shekara goma sha ɗaya ina faɗa da dangi, ina hana tsohuwa abin da take so, kuma in an bi diddigi babu abin da na dogara da shi sai wannan shafin. Ban taɓa faɗa wa kowa ba don na san za a ce na zare, amma can cikin raina haka nake lissafi: wanda ya karanta mini cewa ana dawowa ba zai ƙi dawowa ba. Ashe shi ya san ba kullum ake dawowa ba, tausayina kawai ya ji.

Na saurara ko zan sake jin muryar nan a kunnena. Babu komai sai injin markaɗe a bayan layi da yara suna ƙwallo.

Na yi alwala na yi sallah, ban san me na karanta ba. Ina kan sallaya na ɗauki waya na kira Inna. Ta daɗe tana ringin kafin ta ɗauka, na san sai da ta goge hannu a zani.

"Zakiyya? Lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. Kun yini lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya kasuwa?"

"Da godiya." Ba ta tambaye ni komai ba, ta gaji da tambaya. Na ce, "Inna, Juma'ar nan. An sayi gero?"

Na ji numfashinta ya canza. "Ba a saya ba. Na ce a dakata."

"A saya. Zan zo ranar Alhamis da safe, in taya ku daka."

Ina jin akuya tana kuka a bayanta, da ƙarar wata babbar mota a titin Lokoja. Sannan a hankali, kamar mai taka ƙasar da ba ta yarda da ita ba, ta ce, "Allah ya jiƙan Ɗanladi."

Bakina ya buɗe da kansa zai faɗi abin da ya saba. Na danne shi.

"Amin," na ce.

Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka a kan Yaya ba. Ko ranar da direban ya zo da jakar Yaya ba ta yi ba, ko ranar da aka binne Baba. Na ɗauka ƙarfin hali ne irin nata. Sai ga shi ta fashe a cikin wayar, da ƙarfi, ba kunya, tana kiran sunansa na gida da ba wanda ya ƙara faɗa, irin kukan da ake yi ranar da aka kawo labari. Na ji mata suna rugowa daga maƙwabta suna tambayar wa ya rasu.